Masu Shirin Ɗaure wa Barewa Kyamara, Ku Zo Mu Yi Magana

1/ Jama'a, zaren yau dogo ne, wanda datarsa ta kusa ƙarewa ya ajiye shi sai dare. Magana ce a kan wata sabuwar fitina da ta fara shigo mana Unguwar Boro ta cikin waya: kyamarar daji, wadda ake ɗaurewa a jikin bishiya ta riƙa ɗaukar hoton duk dabbar da ta gifta. Wai samari za su haɗa kuɗi su saya don farauta. Ni dai na ce a'a, kuma zan faɗi dalilina ko da za a zage ni.

2/ Ga yadda abin ya faro. Shekaranjiya da daddare ina teburin mai shayi a bakin titin Kachia, sai ga wani ƙanena na unguwa ya miƙo min wayarsa yana ta rawar jiki. Bidiyon wani Bature ne a Amurka, yana kwance a falonsa, waya ta yi ƙara, ya duba, ga hoton wata ƙatuwar barewa mai ƙaho kamar rassan bishiya, da kwanan wata da ƙarfe nawa a ƙasan hoton. Washegari ya je daidai wurin, daidai lokacin, ya harbe ta.

3/ Ya ce, "Yaya, ka ga inda duniya ta kai? Mu huɗu ne, har mun fara adashi. Guda biyu za mu yi oda. Mu kai wa wasu maharba can bayan Kujama su ɗaura a bakin ruwa, duk abin da aka samu a raba." Na ce masa sha shayinka tukuna kada ya huce. Na yi masa alkawarin zan ba shi amsa a inda sauran ukun za su gani. To ga ta.

4/ Kafin wani ya fara min wa'azi: ba ni da faɗa da mafarauta. Farauta sana'a ce mai tarihi, mai sarauta, da Sarkin Baka da Sarkin Dawa da komai. A 2014 mafarauta na cikin waɗanda suka taya sojoji ƙwato Mubi daga hannun Boko Haram, lokacin da masu manyan riguna suka tsere. Na ci farfesun naman daji, na kuma lashe kwano. Faɗana da wannan akwatin ne, da kuma kwaikwayo irin na ido rufe.

5/ Abu na farko, dabbar da ke cikin bidiyon nan ba barewarmu ba ce. Mun dai ara mata sunan ne saboda ba mu da irinta. Tasu ƙahonta yana da rassa, yana faɗuwa duk shekara ya sake tsirowa. Namu na nan su ne barewa, gada, mazo, batsiya, gwanki, kanki, ƙahonsu ɗaya ne har mutuwa. Bambancin ƙaho ƙarami ne ma. Babban bambanci yana wajen yawa.

6/ Irin waccan mai farar wutsiya, ana ƙiyasta akwai wajen miliyan 30 a Amurka yau. Miliyan talatin fa. Sun yi yawa har suna shiga lambun mutane suna cinye fure, suna faɗa wa motoci a kan titi. A wurare da dama hukuma ce da kanta take roƙon maharba su rage su. Macen kuma sau da yawa tagwaye take haifa. Gadarmu ɗa ɗaya take haifa, barewarmu ma haka.

7/ Kada ku ɗauka daga sama yawan nan ya faɗo musu. Wajajen 1900 sun kusa ƙarar da ita, abin da ya rage bai wuce rabin miliyan ba a duk faɗin ƙasar, saboda masu harbi suna kaiwa kasuwa, wato daidai abin da muke yi yanzu. Sai suka farga. A 1900 suka yi dokar Lacey, wadda ta hana safarar naman dajin da aka kashe ba bisa ƙa'ida ba daga jiha zuwa jiha. A 1937 suka ware harajin bindiga da harsashi, ana zuba shi wajen kula da namun daji.

8/ Shi wancan Baturen na falo, kafin ya ɗaga bindiga sai ya sayi lasisi. An ƙayyade masa watannin da zai yi harbi, an ƙayyade masa guda nawa, a wasu wuraren har da mace ko namiji. In ya kashe sai ya maƙala mata takarda ya sanar da hukuma. Bai isa ya kai naman kasuwa ya sayar ba. In ya ƙetare iyaka a ci shi tara, a ƙwace bindigar, wani lokaci har da motar. Duk wannan ba ya cikin bidiyon minti ɗaya da ƙanena ya nuna min.

9/ Mu kuwa? Doka tana nan a takarda, tun dokar namun daji ta Jihar Arewa ta 1963, ga dokar kare dabbobin da ke dab da ƙarewa ta 1985, ga ta gandun daji na ƙasa ta 1999. Don Allah a cikin masu karanta wannan, wa ya taɓa ganin maharbi da lasisin da aka rubuta masa "gada biyu a shekara"? Wa ya taɓa ganin an tambayi mai farfesun naman daji a Sabon Tasha daga ina naman ya fito? Mun ɗauko wuƙar mutane mun bar musu kuben.

10/ Yanzu ga abin da ya fi ba ni mamaki. Su kansu masu kyamarar sun fara korarta. Jihar Arizona ta hana amfani da kyamarar daji wajen farauta gaba ɗaya daga 1 ga Janairun 2022. A shekarar ce Utah ta hana ta a lokacin farauta, daga ƙarshen Yuli zuwa ƙarshen Disamba. Kansas ta hana ta a filayen gwamnati a 2023.

11/ Ku duba dalilin Arizona da kyau, don da mu ake. Ƙasa ce mai fari, ruwa ƙalilan ne, dole dabba ta zo mashaya ko ta mutu da ƙishi. Sai maharba suka cika bakin kowane ruwa da kyamarori, kowa yana zarya yana duba tasa, dabbobi suka kasa shan ruwa cikin natsuwa, maharban kuma suka fara rikici a junansu kan wa ya riga wa. Hukumar ta ce wannan ya fita daga farauta ta adalci, inda dabba take da damar tsira.

12/ To ina ƙanena ya ce za a ɗaura tasu? A bakin ruwa. Da rani. Lokacin da rafuka sun ƙafe, an ƙone daji ƙurmus, sai 'yan kududdufai biyu uku suka rage a tsakanin ƙauyuka. Duk wata gada da mazo da suka rage a yankin nan wurin za su zo. Kyamara ta ba ka ranar, ta ba ka ƙarfe nawa, ta nuna maka ta wace kusurwa suke fitowa. Rani biyu ya isa a share wurin tas.

13/ Abin da ya sa har yau ake ɗan ganin gada a dajin Chikun da Kajuru, ba kirkinmu ba ne, wahalar nemanta ce. Maharbi ya kwana uku yana bin sawu, ya dawo da zomo ɗaya ko hannu rabbana. Wannan wahalar ita ce katangar ƙarshe da ta rage wa dabbar. Kyamara kuwa aikinta kenan, ta rushe katangar.

14/ Akwai wani dattijo a layinmu, tsohon maharbi ne, yanzu gwiwa ta hana shi shiga daji. Jiya na kai masa maganar, na nuna masa bidiyon. Ya kalla har ƙarshe, ya miƙo min wayar ya ce, "Ɗana, wannan ai mahauci ne." Ya ce su a zamaninsu ba sa harbin mace mai ciki, ba sa harbin wadda ɗa ke bi, in damina ta sauka kuma a rataye baka a kama fartanya. Wanda ya karya, manya su kira shi.

15/ Na tambaye shi rabonsa da ganin gwanki da idonsa. Ya yi shiru yana lissafi, sannan ya ce tun kafin a haifi autarsa. Autar nan yanzu 'ya'yanta uku. Mu kuma muna nan muna ta buga karin maganar barewa ba ta gudu ɗanta ya yi rarrafe, alhali yawancinmu a hoton waya kaɗai muka san barewar. Ita ma barewa mai jan goshin nan ta Sahel tuni ta shiga jerin dabbobin da masana ke fargabar ƙarewarsu.

16/ To a ce ba ruwanka da gada, kai dai riba kake nema. Zo mu yi lissafin kasuwa, don ni ma na taɓa faɗawa. Shekara biyu da suka wuce na sayi irin wannan kyamarar a intanet saboda ɓarawon kaji a wata 'yar gona da nake haya. Ban kama ɓarawo ba, amma na koyi darasi da kuɗina, bari in ba ku kyauta.

17/ Yadda take aiki: tana da wani ɗan ido da ke jin ɗumi. In abu mai ɗumin da ya bambanta da na wurin ya motsa a gabanta, sai ta farka ta ɗauka. A ƙasar sanyi wannan lafiya lau, jikin dabba zafi, daji sanyi. A nan fa? Jikin gada bai wuce digiri 38 zuwa 39 ba. A Maris da Afrilu da rana tsaka ƙasa da duwatsun Kaduna sukan kai haka, har su wuce. Dabba ta zo ta wuce ta gabanta, ita tana barci.

18/ Sannan akasin haka. Rana ta gasa busasshiyar ciyawa, iskar hunturu ta kaɗa ta, kyamara ta ɗauka dabba ce. Na je na ciro katin ajiya bayan mako guda cike da murna, hotuna sun fi dubu. Na zauna ina dubawa ɗaya bayan ɗaya har wuyana ya ƙage. Ciyawa. Ciyawa. Ciyawa. Akuyar maƙwabci. Ciyawa. Batir kuma ya mutu tun kwana na biyar.

19/ Batir ɗin ma wani babi ne. Yawancinsu ƙananan batura takwas suke ci a lokaci guda. Irin na tocila da ake sayarwa a shagon unguwa ba ya kai ko'ina, musamman in tana haska dare. Mai ɗorewa shi ne na litiyam, je ka tambayi kuɗin guda takwas ka dawo mu yi magana. Na caji kuma bolt 1.2 yake bayarwa maimakon 1.5, wasu kyamarorin sai su ɗauka ya kusa mutuwa su kashe kansu.

20/ Sai ƙaryar megafiksel. Za ka ga an rubuta 48 ko 64 a jikin kwali da manyan baƙaƙe. Ainihin idon da ke ciki sau da yawa bai wuce 2 zuwa 5 ba, sauran kumbura hoton aka yi, kamar a zuba wa kunu ruwa a ce ya yi yawa. Abin da masu sani ke dubawa shi ne saurin farkawarta. Mai kyau ba ta kai rabin daƙiƙa ba ta ɗauka. Mai araha sai dabba ta wuce, ka samu hoton wutsiya. Araha dai ba ta ado.

21/ Wadda ta burge ƙanena kuwa, mai turo hoto a waya, ita ce babban tarkon. Yawancin na Amurka an ɗaure su ne da kamfanonin wayar can, kuma sai kana biyan kuɗin wata-wata da dala ta manhajarsu. Ka kawo ta Kaduna ta zama akwatin ado. Wadda ke karɓar layinmu kuma tana buƙatar sabis mai ƙarfi. A tsakiyar Unguwar Boro ma wani lokaci sai ka fito tsakar gida kana ɗaga waya sama, balle a ƙarƙashin bishiya cikin kwari a bayan Kujama.

22/ Ban ma yi maganar ƙurar hunturu da ke rufe gilashin ba, da tururuwa da ke shiga ta yi gida a ciki, da gobarar daji da za ta narkar da ita cikin minti biyu, da wanda zai gan ta ya kwance ya sa a aljihu. Tawa dai gara ce ta fara cin igiyar, sannan wani bawan Allah ya ƙarasa aikin. Allah ya sa ya fi ni cin moriyarta.

23/ Amma duk wannan asarar kuɗi ce, kuɗi kuma ana samun wani. Abin da ya hana ni barci shi ne wanda zan faɗa yanzu, kuma don Allah a karanta shi a hankali. Wane daji ne za ku je ku ɗaure wa kyamara? Dajinmu fa ba na dabbobi kaɗai ba ne yanzu.

24/ Mu 'yan wannan yankin ba sai an tuna mana ba. Ranar 5 ga Yulin 2021 aka kwashe ɗalibai sama da ɗari daga makarantar Bethel Baptist, nan kan hanyar Kachia, tafiyar 'yan mintuna daga inda nake rubuta wannan. Ta cikin dajin nan aka bi da su. A shekarar ce aka katse sabis ɗin waya a wasu sassan jihar daga ƙarshen Satumba har ƙarshen Nuwamba, don a toshe hanyar da 'yan bindiga ke magana da masu ba su labari.

25/ An samu sauƙi a wasu wurare, an yi sulhu a Birnin Gwari a ƙarshen 2024, mun gode Allah. Amma wa zai rantse maka cewa mashayar da kake nufi ba mai bi ta wurin da dare? Ruwan da gada ke sha da rani, shi makiyayi ke shayar da shanu, shi kuma wanda ba ka son haɗuwa da shi yake tsayawa ya sha.

26/ Ka ɗauka mutanen nan sun tsaya a bakin ruwa da tsakar dare, ɗayansu ya hango wani ɗan jan haske a jikin bishiya. Eh, yawancin masu arahar suna yin ja kaɗan in suna ɗaukar dare, fitilarsu mai nanomita 850 ce. Mai 940 ce ba a gani, ita kuma hotonta ya fi duhu. Ya je ya kwance, ya buɗe, ga layin waya a ciki, ga eriya. Kana ganin zai ce "a'a, ta 'yan farauta ce"?

27/ Cewa zai yi an sa musu ido. Kuma ba Unguwar Boro zai zo neman mai ita ba, kai kana gida kana kallon ƙwallo. Ƙauyen da ya fi kusa da bishiyar nan zai nufa, wurin mutanen da ba su san hawa ba, ba su san sauka ba. Zomo ba ya fushi da makashinsa sai maratayinsa. Kun san abin da ake yi wa wanda aka zarga da kai rahoto, ba sai na rubuta ba.

28/ Juya ta ɗaya gefen. A ce jami'an tsaro ne ko 'yan sa-kai suka tsince ta a hanyar da suke sintiri. Na'ura a ɓoye a daji tana tura hoton duk wanda ya wuce zuwa wata waya a gari. Layin da ke ciki kuma an haɗa shi da lambar NIN ɗinka, da sunanka da hotonka. Sai ka je ka yi musu bayanin cewa gada kake nema. Ina maka fatan alheri.

29/ Kuma muna zamanin da ɗan zargi kaɗan ke cin rai. A watan Maris na 2025 aka kashe matafiya 16 a Uromi ta jihar Edo, mafarauta ne 'yan Arewa da suka taso daga Fatakwal za su gida Kano yin Sallah, an ga bindigogin toka a motarsu aka ce masu garkuwa ne. Ba su ɗauke da komai sai kayan sana'arsu. Maharbin da kuke son ɗora wa wannan kaya, zargin da ke kansa ma ya ishe shi.

30/ Saura guda, wanda maza ba sa tunawa. Wa ya fi kowa shiga bakin daji kullum? Mata. Masu itace, masu ɗiban ruwa, masu tsintar ƙaɗanya da ɗorawa. A can suke wanka a rafi, a can suke kewayawa. Kyamara ba ta san kunya ba, duk abin da ya motsa ɗauka take, ta turo wa samari huɗu a waya.

31/ Kada ku ce ina ƙirƙira. A 2024 wani mai bincike daga Jami'ar Cambridge ya wallafa abin da ya gani a kewayen gandun damisa na Corbett a Indiya: kyamarorin da aka sa don dabbobi sun koma abin leƙen matan ƙauye, har hoton wata mata tana kewayawa ya yi yawo a WhatsApp da Facebook. Can fa ma'aikata ne ke riƙe da kyamarorin. Ina ga namu da ba mai tambayar kowa?

32/ Ka tambayi kanka tsakani da Allah, in hoton irin wannan ya faɗo a wayar abokinka, cikin ku huɗun nan ba wanda zai tura wa wani "don dariya"? In kuma aka gane 'yar wane ƙauye ce, a jihar da ƙaramar magana ke zama babbar wuta, wa zai kashe ta?

33/ Na san amsoshin da ke tafe, bari in tare su tun a hanya. "Ai ko ba kyamara ana kashe su." Gaskiya ne. Ana kashe su da tarkon waya, da fitilar goshi da dare, da ƙona daji. Shi ya sa suka kusa ƙarewa. Mara lafiya yana jin jiki, sai ka ce tunda dama ciwo gare shi bari a ƙara masa duka?

34/ "Talauci ne, mutane na neman abinci." Wanda ke neman abin da zai ci yau ba shi ne ke odar kaya daga waje yana sayen batir takwas-takwas ba. Wannan jarin ɗan birni ne. Maharbin ƙauye shi zai ɗauki kasadar, shi zai kwana a daji, in dabbar ta ƙare shi zai rasa sana'a, ku kuma ku koma sayar da wani abin. Kada a fake da talaka a cinye masa gobensa.

35/ "Kai maƙiyin ci gaba ne." Wannan ta fi ba ni dariya. To bari in gaya muku asalin na'urar. Wanda ya shahara da fara ta, George Shiras, Ba'amurke ne maharbi da ya koma ɗaukar hoto. Tun wajajen 1890 yake ɗaura zare a hanyar dabbobi, in sun taɓa sai fitila ta tashi hoto ya ɗauku. A 1906 mujallar National Geographic ta buga hotunansa 74 a fitowa ɗaya. Mutumin ya ƙare rayuwarsa yana fafutukar kare namun daji.

36/ Kuma a ƙasar nan tamu kyamarar ta yi aikin da ya kamata a yi alfahari da shi. A gandun Gashaka-Gumti, wanda ya fi kowanne girma a Najeriya, tsakanin Taraba da Adamawa, masu bincike tare da gidan namun daji na Chester da ke Ingila sun tara hotuna sama da 50,000 daga 2015 zuwa 2017. A ciki aka ga damisa, aka ga babban ɗankunya, dabbar nan mai ɓawo da ke naɗe jikinta, wanda kafin nan ba a da shaidar akwai irinsa a ƙasar.

37/ A Yulin 2020 ƙungiyar WCS ta fitar da hotunan manyan biran nan gorila na Kuros Riba a tsaunukan Mbe, garke guda da 'ya'yansu a goye. Duk duniya kusan 300 suka rage. Kyamarar daji ce ta ɗauko su, kuma masu gadin wurin 'yan ƙauyukan yankin ne, da yawansu tsofaffin maharba. Sanin sawu da sanin mashaya da suka gada, shi ya zama aikin da ake biyansu albashi a kai.

38/ Mu a Kaduna muna da gandun Kamuku a Birnin Gwari, wanda ya zama na ƙasa a 1999, da giwaye da gwanki a da. Yau in ka ce Kamuku, ba dabba ce ke fara zuwa wa mutum a rai ba. Zakunan da suka rage a duk Najeriya ba su kai 50 ba, a Yankari da Kainji. Maƙwabtanmu Nijar kuwa a 2018 suka ɗauki raƙuman dawa takwas a mota suka mayar da su Gadabeji ta jihar Maraɗi, inda suka ɓace shekaru da dama. Su suna mayarwa, mu muna adashin ƙarasa namu.

39/ Saboda haka ban ce kyamarar haramun ba ce. Wanda ke da gona da shinge, yana son ya san me ke cin masararsa ko wa ke kwashe masa kaji, ya saya, cikin gonarsa, ya kuma sanar da maƙwabta da mai unguwa. Ya ɗaura ta daidai gwiwa, ta kalli arewa ko kudu don kada rana ta dake ta a ido, ya share ciyawar gabanta, ya sa katin ajiya mai kyau, ya manta da mai layin waya. Na ba ku wannan kyauta, ni da kuɗi na saye shi.

40/ Ɗalibanmu na KASU da ABU da kwalejin gandun daji ta Afaka masu neman abin da za su yi bincike a kai, ga aiki nan yana jiran ku. A je ta hannun malamai da sarakunan yanki da hukuma, da sanin jami'an tsaro, a wurin da aka tabbatar lafiya, a ƙirga abin da ya rage mana a gefen kogin Kaduna. A ɗauki maharba su nuna hanya, a biya su. Wurin da aka ga dabbar kuma a rufe shi a ciki, kada a sa a intanet.

41/ Ƙungiyoyin mafarauta kuma, ku ne kuke da bakin magana a nan fiye da kowa. Kuna da shugabanni, kuna da taro, kuna da hukunci a tsakaninku. Tun kafin kayan nan su cika kasuwa, ku zauna ku ce ba a ɗaura kyamara a mashaya, kamar yadda iyayenku suka ce ba a harbin mai ciki. In kun jira gwamnati, sai bayan gada ta ƙare za a kafa kwamiti.

42/ Kai kuma ƙanena, na san kana karantawa, na san kuma ka turo wa sauran. Ban ambaci sunanka ba, ban kuma raina neman da kake yi ba, zaman banza ya fi komai muni. Kuɗin adashin nan ku riƙe abinku. Ranar Asabar da yamma ka same ni a wurin mai shayi, mu je tare wurin Baba. Ya ce in kawo ku ku huɗun, zai nuna muku ƙahon gwankin ƙarshe da ya harba, yana nan rataye a zaurensa. Ku taho masa da goro.